Keken Haya Na Waya A Birnin Gwanzu: Motsa Jiki A Kan Hanyar Kasuwa

 A wannan makon zan ɗauke ku zuwa Gwanzu, babban birnin kasuwanci na kudancin ƙasar Sin, wanda da wuya a rasa ɗan kasuwa a Legas, Abuja ko Onica da bai san sunansa ba. Mutum sama da miliyan 18 ne ke zaune a cikinsa, kuma tun 1957 yake karɓar baƙuncin baje kolin Canton Fair sau biyu a shekara. Yawancin mutanenmu saro kaya ke kai su. Ni ma aikin magunguna ne ya kai ni, amma abin da na dawo ina ba mutane labari shi ne keke.

Idan ka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka, za ka tarar da kekuna jere a gefen titi, ba mai gadi, ba mai karɓar kuɗi. Masu ruwan ɗorawa na kamfanin Meituan ne, masu shuɗi na Hello, masu kore-kore kuma na Didi. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san mai hayar keke na bakin kasuwa, wanda yara ke ba kuɗi su yi zagaye su dawo masa da kayansa. To, wannan ma hayar ce, sai dai mai keken yana cikin wayarka, kuma ba sai ka dawo da shi inda ka ɗauka ba.

Ga yadda abin yake. Kafin ka bar gida ka sauke manhajar Alipay ko WeChat, ka yi rajista da fasfonka, ka haɗa katin banki na ƙasa da ƙasa irin Visa ko Mastercard, domin tun 2023 manhajojin biyu suna karɓar katin baƙi. Kowane keke yana da lambar QR, wato zanen nan mai kama da gidan dara. Ka haska shi da kyamarar wayarka, sai ka ji makullin ya buɗe. Gajeriyar tafiya ba ta wuce yuwan ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙasa da kuɗin ruwan gora a wasu shaguna. Idan ka isa, ka ajiye shi cikin filin da aka zana da farin fenti, ka kulle. Kekunan suna da na'urar da ke nuna inda suke, saboda haka in ka yar da shi inda aka hana, manhajar za ta ƙi rufe maka lissafi ko ta ci ka tara.

Keken ba na gayu ba ne. Yana da nauyi, ba shi da giya, tayarsa ba ta buƙatar iska balle faci, sirdinsa kuma ana ɗaga shi ko a sauke da hannu. Ga kwando a gaba na ajiye jaka. Gangar jikinsa a ƙasa take, ba sandar da za a tsallaka, don haka 'yar'uwata mai doguwar riga, za ki iya hawa cikin mutunci, in dai kin tattare bakin rigar da mayafinki kada taya ta kama su. A titunan Gwanzu za ki ga tsohuwa da kayan miya a kwando, ga ma'aikacin banki da kwat, ga ɗaliba da jakar makaranta. Ba wanda yake kallon wani, kuma ba wanda yake ɗaukar hawa keke a matsayin alamar talauci.

Daga Xiaobei, in ka nufi kudu maso yamma, za ka gifta gefen lambun Yuexiu ka shiga tsohon gari, inda manyan bishiyoyi dangin ceɗiya suka yi wa tituna rumfa. A nan ne masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar Sin, da doguwar hasumiyarsa. Ka ƙara gangarawa sai ga Kogin Lu'ulu'u. Idan ka bi bakinsa zuwa gabas da yamma lis, iska na kaɗa ka, za ka hango hasumiyar Canton mai tsawon mita 600 tana sauya launi. Wanda ya yi wannan tafiya cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa da wuri, amma bai ga garin ba.

Sai dai ba don yawon buɗe ido mutanen garin ke hawa ba. Tun 2007 aka hana babura masu injin mai shiga cikin birnin, kamar yadda aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja da sassan Legas. Jirgin ƙasa yana kai ka tasha, amma daga tasha zuwa ƙofar gida ko shago akwai sauran kilomita ɗaya ko biyu. Wannan giɓin keken yake cikewa, kuma nan ne maganar lafiya ta shigo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma alƙalumanta sun nuna kusan kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa cika wannan. A kantin magani kullum ina jin uzuri ɗaya daga masu hawan jini da ciwon suga: "Ba ni da lokaci." Gaskiya suke faɗa. Wanda ya fita da asuba, ya sha cunkoso a danfo, ya dawo bayan isha'i, yaushe zai je gidan motsa jiki? Amma ka lissafa: minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, kwana biyar a mako, minti 150 ke nan cif, ba tare da ka ware lokaci ba, don tafiyar dama dole ce. Wani bincike na Jami'ar Glasgow da aka wallafa a 2017, wanda ya bi mutum sama da 260,000 a Birtaniya, ya gano masu zuwa aiki da keke suna da ƙarancin haɗarin ciwon zuciya da kansa da mutuwa da wuri, idan aka kwatanta da masu zuwa a zaune cikin mota.

Kowane allazi da nasa amanu. Kamfanin Ofo, wanda ɗaliban Jami'ar Peking suka kafa a 2014, da abokin hamayyarsa Mobike, sun zuba miliyoyin kekuna a tituna har suka toshe hanyar masu tafiya da ƙafa. Hukumomi suka riƙa kwashewa suna tulawa a filaye kamar juji. A 2018 Ofo ya durƙushe, miliyoyin mutane suka shiga layin neman kuɗin ajiyarsu, Meituan kuma ya saye Mobike. Daga nan birane suka ƙayyade yawan kekuna da wuraren ajiye su. Iyaye kuma su lura: dokar ƙasar ta hana yaro ɗan ƙasa da shekara 12 hawa keke a kan titi, kuma a 2017 wani yaro ɗan shekara 11 ya rasu a Shanghai bayan motar bas ta buge shi a kan keken haya. Kwandon gaba na jaka ne, ba na ɗora yaro ba.

Ga shawarata ta mai sayar da magani ga duk wanda zai hau. Ka gwada birki da ƙararrawa kafin ka tashi. Ba a ba da hular kwano tare da keken, ka nemi taka. Babban haɗarin titin shi ne babura masu lantarki na masu kai saƙon abinci, ba su da ƙara, sai dai ka gan su a gefenka. Idan ka sha maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa barci, irin chlorpheniramine da aka fi sani da Piriton, ka haƙura da keke ranar. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide kada ya hau da yunwa, ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, da zarar ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri, ya tsaya ya ci. Kada a bar insulin a kwando cikin rana, zafi yana lalata shi. Mai maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ya yawaita shan ruwa, domin zafin Gwanzu mai gumi ne irin na Legas. Wanda kuma yake jin ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi in ya hau bene, ya ga likita tukuna.

Mu koma gida. Iyayenmu da kakanninmu sun yi shekaru suna zuwa gona da kasuwa a kan Raleigh da Phoenix, wanda shi ma a Shanghai ake ƙera shi a wancan lokacin. Mun ajiye keke da muka ga babur da mota, har ya zama abin kunya. Ba zan ce ka hau keke a babban titin Ikorodu ba, don titin da ba shi da layin keke ba wurin gwaji ba ne, kuma samar da layin da inuwar haƙƙi ne da ya kamata mu nema a wurin hukumomi. Amma cikin rukunin gidaje, harabar jami'a, bariki, ko layukan unguwa marasa cunkoso, me zai hana? Aiken burodi, zuwa masallaci, kai saƙo gidan 'yan'uwa, duk tafiye-tafiye ne da ba sa buƙatar fetur. Ka duba tafiyarka ta gobe, ka zaɓi guda ɗaya gajeriya, ka yi ta da ƙafa ko da keke.