Gizo Ba Ɗaya Ba Ne

Da wuya a yi daren tatsuniya ba a ambaci Gizo da Ƙoƙi ba, yau kuma intanet ma "yanar gizo" muke kiranta. Amma in ka tambayi ɗalibin Hausa gizo-gizo iri nawa ne a lambu, iyakarsa ya ce gizo-gizo, in ya matsa ya ce tautau. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A Bosso nake zaune. Ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, nakan zaga lambun bayan gidanmu da sassafe, lokacin da raɓa ke fito da kowane zare fili. Cikin masu saƙa zagayayyiya kamar faifai, iri uku na fi gani. Akwai wadda ke zama a tsakiyar saƙarta kai ƙasa, ta haɗa ƙafafunta takwas biyu-biyu, ta yi wani farin zane mai lanƙwasa kamar surfanin wuyan riga. Masana suna kiranta Argiope. Akwai babba mai dogayen ƙafafu, zarenta na ƙyallin zinariya tsakanin itatuwan mangwaro, wato Trichonephila. Ta uku ƙarama ce mai taurin baya da ƙayoyi kamar ƙaho, Gasteracantha. Na ce "wadda" domin galibi macen ake gani. Namijin ɗan mitsitsi ne, yana raɓe a gefe.

Saƙar ma da tsarinta. Zarurrukan da suka fito daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke ba su da danƙo, a kansu take takawa. Wanda ya zagaya shi ne mai danƙo, shi ke kama ƙuda da sauro da fara. Ke nan masu gadin lambu ne, amma yara kan bi su da sanda don tsoron tautau. Abin da ba a san sunansa ba, ba a sanin darajarsa.

Tun 1934 Bargery ya fito da ƙamusunsa. Saura namu aikin, 'yan'uwana ɗalibai. Mu tambayi masu lambu da maharba da tsofaffi sunayen da suka gada, mu ji na maƙwabtanmu Gwarawa da Nufawa, mu rubuta tun masu sanin suna raye. Kafin nan dai, ni ina kiransu mai-surfani, mai-zinariya da mai-ƙaho. Wanda ya san na asali, ya taimaka mana.