Ranar da na ƙone lasifikata a hanyar Tasawa

Cikin watan Afrilu aka kai amaryar ƙanena daga Maradi zuwa Tasawa, zafi ya haura digiri 40. Ƴan rakiya sun cika motata, sai faɗi suke, "Mushe, a ƙara sauti!" Ni kuwa na yi ta murɗawa. Muna wuce Agye gangar ta fara ƙara kamar ana dukan fasasshiyar ƙwarya. Ban rage ba. Kafin mu kai Gazawa ƙaurin waya ya taso daga bayan mota, babbar lasifikar ta yi tsit. Wata uku na yi ina tsimin kuɗinta daga albashin malamin lakkwal.

Da mai gyara ya buɗe ta, siririyar wayar da aka naɗe a tsakiyarta ta koma baƙa ƙirin. Na ce masa ai ampilina ƙarami ne, yaya zai ƙone ta? Ya ce, "Mushe, ƙaramin da aka matsa wa shi ke kisa." In an nemi ampili ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, sautin yakan fito a guntule, wayar ta yi ta ɗaukar zafi har ta ƙone. Wannan ƙarar ƙwarya da na ji, gargaɗi ne.

Ya nuna mini kurakuraina. Wat 1000 da ke jikin kwali ƙarfi ne na ƙiftawar ido. Adadin da aka rubuta RMS a gefensa, 250 kacal, shi ne abin da take iya jurewa. Maɓallin "gain" na jikin ampili, wanda na murɗe har ƙarshe don a zatona na ƙara murya ne, aikinsa daidaita ampili da rediyo. Ga shi kuma a ƙofar gidan biki na bar kiɗa mota a kashe, batir ya yi sanyi, ampili ya ƙara shaƙewa.

Yanzu ba na wuce kashi uku cikin huɗu na muryar rediyon. Ko wa ke cikin motar, da na ji ganga ta fara dishewa sai in rage. Ƴan rakiyar nan sun sha bikinsu sun watse, ni kaɗai na je wurin mai gyara da aljihuna.