Murjani da Ƙasar 'Yargalma

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, murjanin da aka ambata a Suratur Rahman halitta ce mai rai, har wasu na kiwonsa cikin akwatin gilashi. Idan sinadaran ruwan suka ɓaci ya yi fari fat, masu kiwon ba sa gaggawar yi masa magani. Ruwan suke sauyawa kaɗan-kaɗan, domin gyaran gaggawa ma yana kashe shi, sannan su jira watanni.

Da na karanta wannan sai na tuna shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinarin da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum. Likitocin MSF sun ga cewa maganin fitar da dalma ba ya amfani matuƙar yaro zai koma rarrafe a gurɓatacciyar ƙasa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a 'Yargalma da Dareta aka zuba sabuwa. Bagega kuwa ta jira har 2013.

Ina da ɗalibi a nan Nasarawa Burkullu, saurayi ne yanzu, da ya shekara biyu a izifi ɗaya. Na sha yi masa tsawa, Allah Ya yafe mini. Rannan mahaifiyarsa ta ce, "Malam, a 'Yargalma na yaye shi." Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa duka.

Yanzu aya biyu nake ba shi, bayan la'asar, idan sauran sun tashi.