Zumuntar Kwamfuta a Waya Take

Ya 'yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ni kam na ga gaskiyar wannan magana a hutun da ya wuce, shi ya sa na ce bari in ba ku labari, ko wani ya ƙaru.

Tun ina aji biyu nake ɗaukar hirar kakana a zauren gidanmu da ke Fagge. Yakan ba ni labarin fatake da Buzaye masu sauka da raƙuma a unguwar, da yadda ake cinikin gishiri da kanwa a zamanin ƙuruciyarsa. Duk abin da na ɗauka sai in zuba a tsohuwar kwamfutar yayana, har ya kai gigabait 20. Da shi nake niyyar rubuta kundin digirina. Ana nan sai Allah ya yi wa tsoho rasuwa. Ba a yi arba'in ba kwamfutar ta fara ciwo, ta kama yau, gobe ta ƙi. Kafofin sa filashi duk sun mutu, ga shi ba ta da hanyar kama intanet ta iska. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin in ta tafi, muryar kakana ta tafi ke nan har abada.

Wani abokina ya ce in leƙa Sabon Gari. Wannan unguwa an kafa ta wajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu, kuma tsakaninta da Fagge tafiyar ƙafa ce. A France Road na tarar da wani dattijo Inyamuri mai sayar da kayan lantarki, Hausa a bakinsa kamar a Kurmi aka haife shi. Da ya ji kukana sai ya yi dariya, ya ce, "Ɗan makaranta, ai kwamfuta biyu ba sa bukatar ɗan aike. Haɗa su baki da baki."

Ya yanko waya irin ta Ethernet, mai silli 8 a ciki, ya matse mata kai a kowane ƙarshe. A ɗaya kan ya sauya wa silli kore da mai ruwan lemo wuri, domin bakin wannan ya faɗa kunnen waccan. Ya ce kwamfutocin yanzu suna gane wannan da kansu, amma tsohuwa sai da lallashi. Daga baya na karanta cewa Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro dabarar a kamfanin Xerox na Amurka a 1973.

Da na koma gida na soka wayar a tsohuwa da kuma tawa ta cinya. Na raɗa wa ɗaya lamba 192.168.1.1, ɗayar kuma 192.168.1.2, kamar dai gidaje biyu a layi guda. Na ba da izinin a shiga jakar da hirarrakin suke. Da farko shiru, ashe katangar tsaro ce ta tare hanya. Ina sassauta ta sai ga jakar ta bayyana. Kaya suka yi ta wucewa, ni kuwa ina ta addu'a kada a ɗauke wuta. Awa ba ta cika ba aka gama.

Da daddare na kunna wa kakata. Tana jin gyaran muryar Malam sai ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Sake sa mini, ɗan nan."

To, jama'a, duk mai tara kayan bincike ya ajiye su wuri biyu ko uku tun kafin ta ɓaci. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, amin.