Ilimin da Ya Fita da Ma'aikatan Kakuri

A duk lokacin da aka tayar da zancen farfaɗo da masaƙun Kaduna, kuɗi da injuna da wutar lantarki ake lissafawa. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka san aikin.

A shekarar 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Dubban samari daga sassan ƙasar nan suka shigo ba su san komai ba, suka koya a gindin inji har suka zama gwanaye.

Tsofaffin ma'aikatan da na zanta da su sun nuna mini irin wannan sani. Gwani yakan ji canjin ƙarar inji ya san ƙoshiya ta kauce tun kafin ta ɓata yadi. Ya san idan hunturu ya busar da iskar ɗaki zare zai yi ta tsinkewa, sai an ƙara danshi. Kowane minti da inji ya tsaya asara ce, kowane yadi da ya lalace asara ce. A kunnen ma'aikaci da yatsunsa wani kaso na ribar kamfani yake.

Fasa-ƙwaurin atamfa da tsadar makamashi suka durƙusar da masaƙun. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Gwanayen suka watse, wasu acaɓa, wasu gona, wasu suka rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Inji ana iya odarsa daga Sin ya iso cikin watanni, amma gwanintar shekara ashirin sai an sake shekara ashirin, kuma sai da wanda zai koyar. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan ne nake ganin mu masu nazarin Hausa muna da bashi a wuyanmu. Mun tattara kalmomin masaƙar gargajiya, irin su allera da abawa, amma wace Hausa aka yi aiki da ita a Kakuri? Waɗanne sunaye aka raɗa wa sassan inji da cututtukansa? Masu amsar suna nan a Kakuri da Makera da Nasarawa, sai dai shekarunsu sun ja. Ya kamata mu tura ɗalibanmu su naɗi bayanansu tun suna iya bayarwa.