Daren Hunturu A Kan Tudun Nakpanduri

Mu da muke zaune a Bulpiela mun san zafi kamar yadda muka san sunayenmu, domin a watan Maris ma'aunin zafi a Tamale yakan kai 40, amma sanyi kam sai dai mu ce ƙanensa muka sani. In hunturu ya shigo, iyakarmu mu shafa man kaɗe, mu ja bargo, mu jinkirta wanka sai rana ta ɗaga. A watan Janairu na 2024 ne mu tara muka ɗauki tanti biyu muka je muka kwana a fili a kan tudun Nakpanduri, kuma abin da muka gano can shi muka ga ya dace mu kawo muku a wannan wata.

A cikinmu akwai wani dattijo da muke kira Baba, jikan fatake ne, da wani ɗan'uwanmu da ya dawo daga Turai yana ɗingishi bai taɓa gaya wa kowa dalili ba, da kuma samari biyu waɗanda kowa a unguwa ya san suna tara kuɗin bin hanyar Agadas zuwa Libiya.

Mun bar Tamale da sassafe, muka bi ta Savelugu da Nasia har Walewale, inda muka saki hanyar Bolgatanga muka yi gabas. A Gambaga muka tsaya shan koko. Garin nan shi ne mazaunin Turawan Ingila na farko a Arewa kafin su mai da hedkwatarsu Tamale a 1907, kuma tun kafin zuwansu ayarin fatake kan ratsa ta nan zuwa kasuwar Salaga. Baba ya tuna mana cewa kakanninmu da rani suke tafiya, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro, suna kwana a fili wata da watanni. Inda ayari ya sauka ya kwana shi ake kira zango, kuma daga nan unguwanninmu suka samo suna.

Muka wuce Nalerigu, garin Nayiri sarkin Mamprusi, wanda ya zama babban birnin Jihar Arewa Maso Gabas a 2019, muka isa Nakpanduri da la'asar. Bayan mun kai gaisuwa wurin manyan gari, sai aka nuna mana hanyar bakin dutse. Wannan tudu ya miƙe ne tun daga wajen Walewale har iyakar Togo, tsayinsa tsakanin mita 300 da 460 sama da teku, kuma fuskarsa arewa take kallo. Daga bakinsa ƙasa takan yanke gaba ɗaya, mutum ya hangi itatuwa can ƙasa kamar tsiron gero, da hanyar Garu tana lauje-lauje cikin hazo.

Kyan wurin ne ya yaudare mu. Muka ce a bakin dutsen za mu kafa tanti domin mu ga fitowar rana. Baba ya ɗebi ƙura ya sake ta, ya ga inda ta nufa, ya ce, "Yara, madugu ba ya sauke ayari inda ido ke so, sai inda iska ba ta so." Muka ce, "Baba, ai iskar ta kwanta." Bai ƙara magana ba, ya ɗauki tabarmarsa ya koma bayan wasu manyan duwatsu.

Wajen ƙarfe 2 na dare iskar ta taso. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, ya ratso fili babu abin da ya tare shi, sai ya bugi fuskar dutsen ya hauro da ƙarfi daidai inda muka kwanta. Turakun da muka kafa cikin 'yar ƙasa marar zurfi suka tuge ɗaya bayan ɗaya, tanti guda ya rufto a kanmu, ɗayan kuwa da ƙyar muka riƙe shi kada ya faɗa kwari. Ƙaramin cikinmu, yaro ɗan shekara 14, ya kama makyarkyata har maganarsa ba ta fita sosai. Wani ya ce a zuba garwashi a kasko a shigar masa cikin tanti a rufe.

Nan ne ɗan'uwanmu na Turai ya daka tsawa ya ce kada wanda ya kuskura. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da wata iska marar wari wadda takan sa mutum barcin da ba ya tashi. Ya sa muka kwashe kaya muka koma bayan duwatsun Baba. Taku talatin ne kawai tsakani, amma sai ka ce wani gari muka shiga. Ya ce a yanko busasshiyar ciyawa a shimfiɗa da kauri a ƙarƙashin tabarmi, domin ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki. Igiyoyin tanti kuwa ya ɗaura su a sanduna, ya kwantar da sandunan ya danne da duwatsu. Aka sa yaron a tsakiyar mutum biyu, aka rufe masa kai, aka ba shi shayi mai zafi da sukari. Muka share ciyawa kewaye da wuri kafin mu hura wuta a waje, don kada mu jawo wa mutanen gari gobarar daji.

Da yaron ya dawo hayyacinsa, Baba ya dubi ɗan'uwan namu ya ce, "Ɗana, a ina ka koyi wannan?" Ya yi shiru, sa'an nan ya cire takalminsa na hagu. Yatsu biyu babu.

Ya ce a hunturun 2018 ne ya ƙetare tsaunukan Alps da ƙafa cikin dare, daga Claviere ta Italiya zuwa Briançon ta Faransa, ta mashigin Montgenèvre mai tsayin fiye da mita 1,800. Tun daga 2017 dubban matasan Afirka ta Yamma suka bi wannan yanki, wasu kuma can sanyi ya kashe su. Shi da takalmin yadi ya shiga dusar ƙanƙara har gwiwa. Ya ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, ma'aunin zafi yakan sauka da wajen 6, amma iska ita ce makashiya, domin tana kwashe ɗumin da jiki ya tara a kan fata. Da ƙafarsa ta daina ciwo sai ya yi murna, bai san alamar mutuwar nama ce ba.

A asibiti ne, in ji shi, mutanen dutsen suka bayyana masa yadda su suke kwana a can da gangan, don nishaɗi. Sukan yanka dusar kamar tubali su gina katanga ta wajen iska, ko su haƙa kogo a cikinta, domin cikin kogon yakan tsaya kusa da sifiri ko da waje ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Sukan binne turaku a kwance, su sa tufafi hawa-hawa, su guji yin gumi, domin jiƙaƙƙiyar riga ta fi tsiraici haɗari.

Baba ya jinjina kai ya ce duk wannan aikin jagaba ne, mai riga ayari gaba ya duba ruwa da makwanci. Fatake ma sukan jera kayansu su zama katanga, su kwanta a bayansu kusa da juna. Ya juya ga samarin nan biyu ya ce, "Kakanninku matafiya ne, ba zan hana ku tafiya ba. Amma ba su taɓa bin hanyar da ba su tambayi wanda ya dawo daga gare ta ba."

Gari ya waye, hazo ya rufe kwarin, fitowar ranar da muka sha wuya dominta ma ba mu gan ta ba. Duk wanda ke son zuwa Nakpanduri da hunturu, muna ba shi shawara ya je, wuri ne da ya cancanci gani, amma ya riƙe bargo biyu da hula da igiya mai ƙwari, ya nemi izinin mutanen gari, ya kuma kafa tantinsa nesa da bakin dutse. A hanyarmu ta komowa samarin nan biyu suka zauna kusa da ɗan'uwanmu, tun daga Nalerigu suna yi masa tambayoyi, har muka shigo Tamale ba su gama ba.