Sunan da Muka Bari Ya Manne Masa

A layinmu babu wanda ya manta ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Kowa ya kama gabansa: wasu Yola, wasu suka haura duwatsu suka faɗa Kamaru, da goyo da ƙullin kaya a ka. Ke nan dukkanmu mun ɗanɗani gudun hijira. Amma da muka dawo, mutum ɗaya sunan ya manne wa, wani yaro ɗan shekara huɗu da kakarsa ta taho da shi daga wajen Madagali, ta kama ɗaki a gidan maƙwabcinmu. Ubansa ya fita gona wata safiya, har yau shiru.

"Gudun-hijira" muke kiransa. Mu manya ne ma muka fara. "Kai Gudun-hijira, zo ka sayo mana goro." Ga shi yana da in'ina, idan zai amsa sai harshen ya sarƙe, majalisa ta kwashe da dariya. Yara suka ɗauka daga bakinmu, suka ƙara nasu gishirin: wai ubansa ba ɓata ya yi ba, daji ya shiga. Shekara goma ana haka.

Idan kakar ta yi ƙorafi, sai mu ce, "Haba Goggo, wasa ne fa." Kuma mun yarda da abin da muke faɗa, don mu mutanen wasa ne. Bafulatani da Babarbare su haɗu a kasuwar shanu su yi ta jifan juna da magana, jika ya tsokani kakarsa, taubasai su yi wa juna tatas. Sai dai a duk waɗannan kowa na da bakin ramawa, kuma tare ake dariyar. Shi wannan yaro bai taɓa ramawa ba, bai taɓa dariyar ba, mu kuwa ba mu lura ba.

Da ya shiga sakandare abin ya canja salo. Wani ɗan ajinsu ya ɗauke shi a waya ranar da malami ya tashe shi karatu ya kasa fitar da kalma, aka yi ta yawo da bidiyon a WhatsApp. Har wayar wasunmu ya zo. Wallahi akwai waɗanda suka kalla suka yi dariya, ba za mu ɓoye ba.

Daga nan sai ciwon kai kullum da safe, sai ciwon ciki, sai ya daina cin abinci. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis har sau biyu. Da ya fara zabura cikin dare aka ce iska ce, aka karɓo rubutu, aka yi ruƙiyya. Wani dattijonmu ya ce lalaci ne kawai, bulala ta rage masa. Duk cikinmu babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi.

Wani mai Keke Napep a layinmu ne ya gano cewa kusan wata biyu yaron ba ya shiga makaranta. Zai sa yunifom ya fita, ya wuce bakin kogin Yedzeram ya zauna shi kaɗai har a tashi. Da mai keken ya matsa masa, sai ya ce, "Kawu, da ma ban tsira ba a lokacin nan, da kowa ya huta." Ɗan shekara goma sha huɗu ne yake wannan magana, a bakin ruwa.

Wata 'yar unguwarmu ma'aikaciyar jinya ce ta kira abin da sunansa: ciwon damuwa. Ta ce yaron da kullum yake jiran a wulaƙanta shi, jikinsa ba ya sakin jiki ko a gado; barci ya ƙi, ciki ya murɗa, karatu ya ƙi zama, a hankali ya yarda cewa abin da ake faɗa a kansa gaskiya ne. Ta ce ba mu kaɗai ba ne, rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya yana fuskantar cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai. Ita ta raka su asibiti, ta kuma hana a bar shi shi kaɗai a makonnin farko.

Mun je makarantar mu uku, mun ga shugaban, an kira iyayen mai bidiyon. Wannan bai yi wuya ba. Mai wuyar ita ce majalisarmu. Liman ya yi maganar bayan Magariba, ya tuna mana Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, ayar da duk mun sani tun muna makarantar allo. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce an cika mayar da ƙaramin abu babba.

Yanzu ya koma wata makarantar, da yamma kuma yana koyon gyaran waya a shagon wani ɗan layinmu. Yana ɗan magana, ba sosai ba. Idan zai wuce majalisa har yanzu ta ɗaya gefen titin yake bi. Ranar Juma'ar da ta wuce wani cikinmu ya ɗaga murya zai aike shi, ya fara "Kai Gudun…", sai ya yi shiru, ya juyo yana tambayarmu ainihin sunan yaron. Mutum biyu ne kawai suka sani.